Cin Farce: Me Ya Sa Tsawa Ba Ta Raba Mutum da Shi?

A cikin ɗabi'un da mutum kan ɗauko tun yana yaro ya girma da su, da wuya a sami wadda aka raina kamar cin farce, da wuya kuma a sami wadda ta kai ta naci. Za ka ga magidanci mai iyali, ko malama a gaban aji, ko ɗan kasuwa mai juya dukiya, amma in ka dubi hannunsa sai ka tarar faratan sun guntule har sun shige cikin tsoka, gefensu ya yi ja, wani wurin ma da ɓawon ciwo. Mai wannan hannu ya fi kowa sanin halin da yake ciki. Ya sha tsawa yana ƙarami, ya sha gori da ya girma, ya yi alkawarin bari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma duk sa'ad da ya farga sai ya tsinci yatsa a bakinsa. Masu bincike na kiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na mutane suna cin farce, kuma abin ya fi ƙamari a shekarun balaga, inda wasu ƙididdiga suka kai shi kashi 45 cikin ɗari. Da yawa sukan bari da kansu in sun girma. Maganarmu a nan a kan waɗanda abin ya bi ne har shekara 20 ko 30 ba su rabu da shi ba. Hujjojin da ke hannu sun karkata wuri guda: cin farce sabo ne da hannu ke yi ba da sanin mai shi ba, yana kuma biya masa wata buƙata, don haka ba ya tafiya sai an fara kama shi yana aikatawa, sannan an ba hannun wani aiki a madadinsa.

Da farko dai, ko abin ya kai a damu da shi? Ƙarƙashin farce matattara ce ta datti, kuma wanke hannu na gaggawa ba ya kaiwa can. A 2007 wasu likitocin haƙori a Turkiyya suka auna yawun yara, suka sami ƙwayoyin cuta irin na hanji a bakin kashi 76 cikin ɗari na masu cin farce, alhali a cikin waɗanda ba sa ci kashi 26.5 ne kawai. Ta wannan hanya, daga hannu zuwa baki, ƙwan tsutsar ciki ke shiga jiki, kuma ta nan ne taifot da kwalara kan bi. A garuruwan da ruwa mai tsabta ke wahalar samu, kuma kwalara ke dawowa kusan duk damina, yatsan da ke kai-komo tsakanin kuɗin cefane, marfin ƙofa da baki ba ƙaramin haɗari ba ne. Cutar kuma takan bi ta ɗaya hanyar, daga baki zuwa yatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: haƙori ya yage fatar gefen farce, ƙwayoyin cuta su kutsa, wurin ya kumbura ya tara mugunya, wani lokaci ya kai ga ɗan karkare mai hana barci. Haƙoran gaba su ma sukan zaizaye ko su ɓantare, dasashi ya ji rauni, farcen da aka daɗe ana cin tushensa kuma ya riƙa fitowa a karkace. Ga kuma kunya, wadda ba a auna ta da ma'auni. A al'ummar da ake gaisawa hannu da hannu, ake cin abinci a kwano guda, ake yi wa amarya lalle mata na kallo, mai guntayen farata yakan rayu yana ɓoye hannunsa.

Mai ja da wannan magana yana da abin kafa hujja, kuma adalci ne a kawo shi. A birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar yara sama da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 har suka girma. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna cewa yaran da suke tsotson yatsa ko cin farce sun fi sauran tsira daga ƙyamar da jiki kan yi wa abubuwa irin su ƙura da gashin dabbobi: a shekara 13, gwajin fata ya nuna wannan ƙyama a kashi 38 cikin ɗari nasu, a sauran yaran kuwa kashi 49. Sai wani ya ce to ai abin ma amfani gare shi. Amma binciken bai ga wani bambanci a kan asma ba, kuma in ma akwai fa'ida, a ƙuruciya ake samunta, lokacin da garkuwar jiki ke koyon aikinta. Mai shekara 35 ba shi da sauran ribar da zai ci a nan. Ban da haka, dattin da yaro zai haɗiya a garin da kowane gida ke da ruwan famfo mai tsabta daban yake da wanda zai haɗiya a unguwar da kwata ke bin ƙofar gida. Masu binciken su kansu ba su ce a ƙarfafa wa yara yin haka ba.

To me ke kai hannu baki? An daɗe ana ɗora laifin a kan damuwa kaɗai, kuma mabiya Sigmund Freud sun riƙa danganta shi da wata buƙata ta jarirantaka da ba ta biya ba, bayanin da ba a samu hujjar gwaji da ta tabbatar da shi ba. Gwaje-gwajen baya-bayan nan sun fi haska lamarin. A 2007 aka sa ɗalibai 40 masu cin farce a wata jami'a a Ingila cikin yanayi huɗu: a bar mutum shi kaɗai ba abin yi, a ba shi lissafi mai wuya, a riƙa yi masa faɗa in ya kai hannu baki, ko a yi ta hira da shi. Sun fi cin farce a zaman kaɗaici da lokacin lissafin, sun kuma rage sosai lokacin hira da lokacin faɗa. A 2015 wani bincike a Montreal ta ƙasar Kanada ya nuna cewa masu irin waɗannan ɗabi'u, har da tsige gashi da tsokanar fata, sun fi saurin gundura da ƙosawa, kuma sha'awar abin takan taso musu in aka bar su jira ko aka ba su aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wannan ya nuna cin farce yana da aikin da yake yi. In hankali ya rasa abin kamawa, ya ba shi abin yi. In kai ya ɗau zafi, ya ɗan sassauta shi. Abin da ke kawo wa mutum sauƙi, ko da na ɗan lokaci ne, jiki ba ya sakinsa haka kawai don an ce ba shi da kyau.

A nan ne ake gane dalilin da ya sa ƙudurin zuci shi kaɗai yake yawan gazawa. Masaniyar halayyar ɗan Adam Wendy Wood da abokan aikinta sun sa ɗalibai a Amurka su riƙa rubuta abin da suke yi duk bayan awa guda, suka gano a 2002 cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukan yini, har zuwa kashi 43 cikin ɗari, bisa sabo ake yin su, a wuri guda kusan kullum, sau da yawa hankali yana wani wajen. Niyya tana aiki ne a kan abin da mutum ya san yana yi. Shi kuwa mai cin farce, kafin labari ya iso masa an riga an gama: yana kallon ƙwallo, ko yana duba waya, ko yana jiran layi a banki, sai zafin yatsa ya sanar da shi. Matsa wa kai da cewa kada ka yi, kada ka yi, shi ma yana da nasa cikas. A 1987 Daniel Wegner ya nuna cewa mutanen da aka hana su tunanin wata farar dabba sun kasa fitar da ita daga ransu, kuma da aka sake su sai tunanin ya dawo fiye da na waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Tsawar iyaye kuwa, kamar yadda gwajin Ingila ya nuna, tana janye hannu muddin mai tsawar yana wurin. Da ya ba da baya sai a koma, kuma yanzu a ɓoye, tare da ƙarin ɓacin ran da shi ma yake kiran yatsa zuwa baki. Akwai kuma tarkon da ɗabi'ar ke ɗana wa kanta. Haƙori ba ya yanka daidai, sai ya bar ɗan tsini. Ɗan yatsa ya shafo tsinin ya ji ya dame shi. A ciza don a daidaita, a bar wani sabo. Haka ake ta zagaye har a kai ga tsoka.

Hanyar da ta fi kowace samun goyon bayan gwaji ita ce wadda masana biyu a Amurka, Nathan Azrin da Gregory Nunn, suka fitar a 1973, wato horon juya sabo. Matakinta na farko shi ne farkar da mutum. Ana so ya shafe mako guda ko biyu bai ma yi yunƙurin bari ba, aikinsa kawai ya lura: yaushe, a ina, yana me, wane yatsa, me ya ji kafin nan. Ya riƙa sa alama a takarda ko a waya duk sa'ad da ya kama kansa. Wanda ya yi haka yakan gano cewa abin da ya ɗauka yana yi kowane lokaci ashe wurare uku ne ko huɗu suka riƙe shi, misali karatu, kallo, zaman mota da kwanciya kafin barci. Yakan kuma gano cewa cizon shi ne ƙarshen tafiya. Kafin shi akwai shafa bakin farce da babban yatsa, akwai ɗora gwiwar hannu a kan tebur, akwai kai hannu haɓa. Waɗannan su ne alamun hadari kafin ruwa ya sauko, kuma a wurinsu ne ake iya tare abin, don hannun da ke kan cinya ya fi sauƙin tsayarwa a kan wanda ya riga ya isa leɓe.

Mataki na biyu shi ne ba hannu aikin da ba zai yiwu a haɗa shi da cizo ba. Da zarar alamar ta bayyana, sai mutum ya dunƙule hannu, ko ya riƙe biro ko gefen kujera da ɗan ƙarfi, na minti ɗaya zuwa uku, har sha'awar ta lafa, domin takan taso ne ta kai ƙololuwa sannan ta sauka da kanta. Sharaɗin wannan aiki shi ne ya zama mai sauƙi, wanda za a iya yi a ko'ina ba tare da an ja hankalin jama'a ba. A ƙasar Hausa ba sai an nemi wani abu daga waje ba, ga carbi a aljihun mutane da yawa, wanda ke shagaltar da yatsu da harshe a lokaci guda. Mataki na uku shi ne samun mataimaki a gida, miji ko mata ko aboki, da za a yi yarjejeniya da shi ya riƙa tunatarwa da wata alama ta hannunka-mai-sanda, ya kuma yaba in ya ga an yi ƙoƙari. A gwajin da Azrin da abokansa suka wallafa a 1980, wannan hanya ta rage cin farce da kusan kashi 99 cikin ɗari a tsawon wata 5, yayin da hanyar da aka gwada ta da ita ta tsaya a kusan kashi 60. A 2023 kuma masu bincike a Hamburg ta Jamus, ƙarƙashin Steffen Moritz, suka gwada wata dabara mai kama da ita a kan mutum 268: shafa kan yatsu ko tafin hannu a hankali duk sa'ad da sha'awar ta zo. Bayan mako 6, kimanin kashi 53 cikin ɗari suka ce sun sami sauƙi, a cikin waɗanda ba a koya wa ba kuwa kimanin kashi 20.

Duk wannan yana ƙara ƙarfi in an rage abin da ke tsokano cizon tun daga tushe. Farcen da aka yanke aka goge bakinsa ya yi sumul ba ya ba ɗan yatsa abin shafowa. Musulunci ya sanya yanke farce cikin ayyukan fiɗira, kuma hadisin Anas bin Malik da ke cikin Sahihu Muslim ya iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40. Mai son rabuwa da cizo kuwa gara ya mai da shi aikin kowane mako, kamar ranar Juma'a, ya kuma ajiye abin yankan a aljihu don duk tsinin da ya ɓullo a cire shi da ƙarfe kafin haƙori ya riga shi. Ya fi kyau kowa ya mallaki nasa, domin almakashin masu yankan farce na kan titi yana bi hannu-hannu, kuma in ba a tsabtace shi ba yana iya ɗaukar ciwon hanta daga jinin wani zuwa fatar da dama a tsage take. Lokacin hunturu fata takan bushe ta tattashi a gefen farce, abin da ke ƙara jan baki, don haka shafa man kaɗanya ko basilin bayan alwala yana rufe wata babbar ƙofa. Ga mata, lalle yana da amfani biyu: launinsa yana sa ido ya lura da hannu in ya taso, kuma wadda ta ɓata lokaci ta ƙawata yatsunta takan ji nauyin ɓata su.

Wani zai ce me ya kawo wannan dogon zance, alhali ga gajeriyar hanya, a shafa abu mai ɗaci a huta? Dabarar tsohuwa ce. Iyaye mata sun daɗe suna shafa ruwan shuwaka ko maɗaci a yatsan yaro, kamar yadda wasu ke yi wajen yaye, kuma a kantin magani ana sayar da ruwan shafawa mai ɗauke da sinadarin denatoniyam, wanda aka gano a Edinbara a 1958, ake kuma lissafa shi a matsayin abu mafi ɗaci da aka sani. Gaskiya ne yana taimaka wa wasu, amma in an duba, taimakonsa na farkarwa ne: ɗacin ne ke sanar da mutum cewa hannunsa ya iso baki. Bai ba hannun wani aiki ba, bai kuma taɓa gundurar da ta taso da shi ba, shi ya sa wasu kan saba da ɗacin, wasu su wanke shi, wasu su koma cizon leɓe ko murfin biro. Ga mai cin tuwo da hannu, ɗacin yakan bi shi har cikin kwano. Ga mai salla kuma akwai batun alwala, tunda malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya yi rufi a kan farce ya hana ruwa isa gare shi yana hana alwala inganta, saɓanin lalle da launi kawai yake bari. Saboda haka abu mai ɗaci ɗan rakiya ne, yana da amfani in babba ya zaɓa wa kansa ya haɗa shi da sauran matakan. Shafa wa yaro barkono kuwa azaba ce da ke iya ƙarewa a idonsa.

Akwai kuma masu cewa hali zanen dutse ne, wanda ya kai shekara 40 yana yi ba zai bari ba, da kuma kishiyoyinsu masu cewa ai wane rana ɗaya ya yanke shawara ya daina, saboda haka wanda ya kasa ragwanci ne ke damunsa. Duka biyun sun yi kuskuren lissafin lokaci. Wanda ya daina rana ɗaya, in an bincika, sau da yawa wani abu ne ya sauya a rayuwarsa, aure ko sabon aiki ko ciwon da ya tsorata shi, wato wuraren da ke kiran sabon ne suka gushe. Ga mafi yawan mutane abin yakan ɗauki watanni. Zancen nan da ya yaɗu cewa kwana 21 ya isa a sauya ɗabi'a ya samo asali ne daga wani littafi na 1960 na likitan gyaran fuska Maxwell Maltz, wanda ya lura da tsawon lokacin da majinyatansa ke ɗauka kafin su saba da sabuwar kamarsu. Da aka zo aka auna a Landan, a binciken Phillippa Lally na 2009 a kan mutum 96, sai aka ga sabuwar ɗabi'a tana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Shi kansa farcen hannu kimanin milimita 3.5 yake tsirowa a wata, yana buƙatar wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta gaba ɗaya. Wanda ya yi mako uku yana ƙoƙari, ya zame rana guda ya ce shi ke nan ba zai iya ba, ya tashi daga gona ne tun shuka ba ta tsiro ba. Wasu sukan sauƙaƙa wa kansu ta hanyar keɓe yatsa ɗaya su hana shi cizo, in ya warke su ƙara na biyu, don ganin farce guda lafiyayye yana ƙarfafa gwiwa fiye da kowace nasiha.

Dole a yarda cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, da dama a kan ɗaliban jami'a aka yi su, wasu kuma sun dogara ne ga abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Amma sakamakonsu ya yi ta maimaituwa tsawon shekara 50, kuma hanyar ba ta cin kuɗi, ba ta da illa, ba ta buƙatar komai sai hannu da lura. Magani na sha bai nuna irin wannan tabbaci ba; wani gwaji da aka yi wa yara a Iran a 2013 ya ga ɗan sauƙi a watan farko, amma a na biyu bambancin ya ɓace. Akwai dai matakin da abin ya wuce dabarar gida. Tun 2013 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ambaci cin farce cikin ɗabi'un da kan zama lalura in sun yi tsanani. Wanda yake cizo har jini, ko yatsunsa ke yawan tara mugunya, ko abin ya haɗu da tsige gashi, rashin barci ko fargaba mai hana sukuni, ya kamata ya ga likita, kuma mai ciwon suga kada ya yi wasa da ko ƙaramin rauni a yatsa.

Iyaye da malamai su ne suka fi kowa damar rage wannan matsala, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai tanƙwarawa daban take da karyawa. Yaron da ke cin farce a zaman kallo ko a gaban allo yana buƙatar a yanke masa faratan, a ba hannunsa abin riƙewa, a yaba masa ranar da ya yi ƙoƙari, a kuma daina kunyata shi a gaban baƙi. Babban da ya girma da abin kuma ya daina zagin kansa da rashin zuciya, ya ɗauki takarda yau ya fara ƙirga lokutan da hannunsa ke tashi, ya zaɓi aikin da zai ba shi a madadi, ya sa abin yankan farce a aljihu, sannan ya ba kansa wata 6 kafin ya yanke wa kansa hukunci.